Fili Ɗaya, 'Yan Haya Biyu: Tarihin Filin Wasa na Oakland

Maganata ta yau a kan wani ginin kankare ne da ke birnin Oakland a jihar Kalifoniya ta Amurka, gabas da mashigin tekun da ya raba shi da San Francisco. Sunansa Oakland Coliseum, kuma shi ne fili na ƙarshe a Amurka da ƙungiyar babbar gasar besbol da ƙungiyar babbar gasar zari-ruga irin ta Amurkawa suka zauna a cikinsa tare. Athletics ce ta besbol, Raiders ce ta zari-ruga. Sun haɗa fili daga 1968 zuwa 1981, suka sake haɗawa daga 1995 zuwa 2019, yau kuma babu ko ɗayansu a garin. Bayanin da aka saba ji shi ne wasannin biyu ba sa zama a fili ɗaya, kuskure aka yi tun farko, kuma zamani ya gyara shi. Ni ban gamsu da wannan bayani ba. Abin da zan yi ƙoƙarin tabbatarwa shi ne, rashin dacewar wasannin gaskiya ne amma ƙaramar matsala ce, kuma abin da ya rushe zaman tarayyar shi ne rigimar wane ne zai kwashi kuɗin da filin ke kawowa da wane ne zai biya bashin gina shi.

Sai mu fara da ba masu wancan bayani haƙƙinsu. Filin zari-ruga dogo ne mai kusurwa huɗu, tsawonsa kusan mita 110, faɗinsa kusan mita 49, ciyawa ce tun daga wannan ƙarshe har wancan, kuma kujerar da kowa ke so ita ce wadda ke gefe daidai tsakiyar fili. Filin besbol kuwa daga kusurwa ɗaya yake farawa, inda mai duka ke tsayawa da gorarsa, sai ya yi ta buɗewa har katangar baya. Akwai tashoshi huɗu da mai gudu zai taka, tsakanin kowace biyu mita 27 da 'yan kai, hanyar da ta haɗa su kuma jar ƙasa ce da aka daddaɓe, ga wani ɗan tudu a tsakiya inda mai jifa ke tsayawa. Kujerar da ake rububi a nan ita ce wadda ke bayan mai duka. Mai zanen da aka ce ya haɗa waɗannan biyun ba shi da mafita sai ya zana da'ira babba da za ta haɗiye su duka, kuma da'ira tana nisanta kowa da wasan. A Oakland tazarar da ke tsakanin layin filin besbol da kujerun farko ta fi ta kowane fili a gasar a lokacin da Athletics ke wasa a can. Ƙwallon da a wani gari za ta faɗa cikin 'yan kallo, a Oakland ɗan wasa ne ke cafke ta ya fitar da mai duka. Masu jifa sun ji daɗin haka, masu duka sun yi ta ƙorafi.

To me ya sa birane suka yi ta gina irinsa? Saboda lissafi ne ya kai su. Ƙungiyar besbol tana buga wasa 81 a gida, daga Afrilu zuwa ƙarshen Satumba. Ta zari-ruga a wancan zamani bakwai ko takwas take bugawa a gida, daga Satumba zuwa Disamba, ban da wasannin share fage. Duk magajin garin da zai ranto kuɗi da sunan jama'a ya san gini ɗaya da zai yi aiki kwana casa'in a shekara ya fi gini biyu da ɗayansu zai yi kwana goma ya rufe. Washington ta buɗe nata a 1961, New York ta buɗe Shea a 1964, Houston da Atlanta a 1965, St. Louis a 1966, Cincinnati da Pittsburgh a 1970, Philadelphia a 1971, Seattle a 1976. Oakland kuma tana da nata dalilin na daban. An kafa Raiders a 1960 da sunan garin, amma shekara biyun farko a San Francisco take buga wasanninta na gida, sannan ta koma wani filin wucin gadi mai suna Frank Youell. Gari ne na tashar jiragen ruwa da masana'antu, mai yawan baƙar fata da suka yi ƙaura daga kudancin Amurka neman aiki, kuma ya daɗe yana jin zafin zama a inuwar maƙwabcinsa mai suna da dukiya. Wasu 'yan kasuwa ƙarƙashin jagorancin Robert Nahas suka haɗa hannu da hukumar birnin da ta gundumar Alameda, aka fara gini a 1964. Filin da zauren ƙwallon kwando da ke kusa da shi sun ci kimanin dala miliyan 25 da rabi. Raiders ta buga wasan farko a ranar 18 ga Satumba 1966. Ganin akwai fili a shirye, mai Athletics, Charlie Finley, ya kwaso ƙungiyarsa daga Kansas City, kuma a wasanta na farko a watan Afrilun 1968 gwamnan jihar na lokacin, Ronald Reagan, shi ya jefa ƙwallon buɗewa. Ku lura da tsarin, domin a nan maganar take: jama'a ne masu gida, ƙungiyoyin biyu 'yan haya ne.

Idan da gaske haɗa fili yana kashe wasa, to a shekarun da aka haɗa ne ya kamata mu ga gawar. Abin da muka gani akasin haka ne. Athletics ta ɗauki kofin besbol sau uku a jere, 1972, 1973 da 1974, da 'yan wasa irin su Reggie Jackson da Catfish Hunter. Raiders a hannun koci John Madden ta ci Super Bowl, wato kofin gasar zari-ruga, a Janairun 1977, ta sake ci a Janairun 1981 a hannun Tom Flores. Ba Oakland kaɗai ba. A filin tarayya na Pittsburgh, Steelers ta ci Super Bowl huɗu tsakanin 1975 da 1980, Pirates kuma ta ɗauki kofin besbol a 1971 da 1979. A na Cincinnati, Reds ta ɗauka a 1975 da 1976. Mai musu zai ce kofi daban, 'yan kallo daban, kuma yana da hujja a hannu: a 1979 mutanen da suka shiga kallon Athletics duk kakar ba su wuce dubu 307 ba, alhali a 1990, lokacin da Raiders ba ta gari, sun kai miliyan 2.9. Wannan hujja ce mai nauyi, amma a duba abin da ke tsakanin shekarun. Finley ya rabu da manyan 'yan wasansa saboda ba ya son biyan albashi, ƙungiyar ta faɗi ƙasa warwas. A 1980 Walter Haas, na gidan masu kamfanin wandon Levi Strauss, ya saye ta ya fara kashe mata kuɗi. A 1981, shekarar da yajin aikin 'yan wasa ya cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na kakar, 'yan kallo sun haura miliyan ɗaya, kuma a lokacin Raiders tana nan ba ta tafi ba. Filin bai canja ba, kujerun ba su matso ba. Mai ƙungiyar ne ya canja.

Tafiyar Raiders ta farko ita ce ta fi bayyana asirin lamarin. Shekara da shekaru tikitinta yana ƙarewa kafin ranar wasa, don haka ba rashin magoya baya ya kore ta ba. Abin da mai ita, Al Davis, yake nema shi ne ɗakunan alfarma, wato ɗakuna masu gilashi da ake jerawa a saman fili, kamfanoni su kama haya na shekara don karɓar baƙinsu. Dalilin kwaɗayin ɗakunan yana cikin dokokin gasar. Kuɗin talabijin na ƙasa ana raba shi daidai tsakanin ƙungiyoyi, kuɗin tikiti kuma akwai kason da ake cire wa baƙi, amma hayar ɗakunan alfarma mafi yawanta a aljihun mai masaukin take tsayawa. Duk mai ƙungiyar da ke son ya wuce takwarorinsa a samu, ta nan zai bi. Da bai sami yadda yake so ba, Davis ya nufi Los Angeles. Sauran masu ƙungiyoyi suka ƙi amincewa, ya kai su kotu ya yi nasara a 1982. Birnin Oakland ya nemi kotu ta ba shi damar ƙwace ƙungiyar ya biya diyya, kamar yadda hukuma ke karɓar gona don fitar da hanya, aka yi shekaru ana shari'a, bai yi nasara ba. A duk wannan taƙaddama, jar ƙasar besbol ba ita ce abin da ake faɗa a kai ba. Wani abin lura ma shi ne filin da Davis ya koma a Los Angeles ya girmi na Oakland da fiye da shekara 40.

A 1995 ne aka yi kuskuren da ya karya filin, kuma zan ɗan daɗe a kansa. Davis bai sami ɗakunan da aka yi masa alkawari a Los Angeles ba, Oakland kuma tana marmarin ƙungiyarta, sai birni da gunduma suka amince su ranto kusan dala miliyan 200 don dawo da ita. Kafin lokacin, bayan filin besbol a buɗe yake. Akwai 'yan benci masu araha inda ma'aikata da yara ke zama, a bayansu gangaren da aka shuka da tsirrai, can nesa kuma tsaunukan Oakland. Wanda ya zauna bayan mai duka da yamma, su yake kallo. Aka rushe wannan ɓangare aka tayar da wani dogon bene na kankare mai kujeru wajen dubu 20 da jerin ɗakunan alfarma, ya toshe tsaunukan gaba ɗaya. Mutanen gari suka laƙaba masa suna Dutsen Davis, ba don yabo ba. Aikin bai ma ƙare a kan lokaci ba, har sai da Athletics ta je Las Vegas ta buga wasanninta shida na farko na kakar 1996 a wani ƙaramin fili. An gaya wa jama'a bashin zai biya kansa, domin za a sayar wa magoya baya lasisin mallakar kujera, wato mutum ya biya kuɗi don kawai a ba shi damar sayen tikitin shekara. Lasisin bai sayu yadda aka yi hasashe ba, giɓin ya dawo kan baitulmalin birni da gunduma, miliyoyin daloli kowace shekara, a garin da ke fama da ƙarancin kuɗin 'yan sanda da ɗakunan karatu. Kujerun da aka ci bashi dominsu fa? A 2006 Athletics ta lulluɓe benen sama da tamfol saboda ba mai zama. A 2013 Raiders da kanta ta lulluɓe ƙolin Dutsen Davis. Mai gida ne ya rushe rumfar da amarya da uwargida ke shan iska tare don ya gina wa ɗaya bene, wadda aka gina wa ba ta zauna ba, wadda aka ƙwace wa iska ta ƙullace shi, bashi kuma ya rage a wuyansa.

Na san akwai wanda zai ce na yi wa wahalar 'yan wasa riƙon sakainar kashi. Ban yi ba. Daga Agusta zuwa farkon Oktoba, lokacin da kakar biyu ke cin karo, ma'aikata kan kwana suna juya filin. A sauke tudun mai jifa, a kawo manyan injinan ɗaga kaya su jera kujerun wucin gadi a kan ciyawar baya, a ja farin layi, a kafa turakun gola, bayan wasa kuma a warware komai. Ciyawar da kujeru suka danne takan mutu, ƙwallon besbol ta riƙa tsalle ba bisa ƙa'ida ba. Jar ƙasar kuwa ba a iya rufe ta sai besbol ta ƙare, don haka ɗan zari-ruga mai nauyin kilo ɗari da ɗoriya yakan faɗi a kanta ya tashi da gwiwar hannu a saɓule, mai bugun gola kuma ya rasa inda zai kafa ƙafa. Haka aka yi har 15 ga Satumba 2019, ranar da aka buga wasan zari-ruga na ƙarshe a kan ƙasar besbol. Duk wannan gaskiya ne. Amma matsala ce ta wasa biyu zuwa huɗu a shekara, kuma sai a auna ta da kuɗin maganinta. Filin da Raiders ta koma a Las Vegas a 2020 ya ci kusan dala biliyan 2, kuma miliyan 750 daga ciki kuɗin jama'a ne da ake tarawa ta harajin ɗakunan otal. Ba wanda zai ce don kare gwiwar hannun 'yan wasa aka kashe wannan.

Akwai kuma masu cewa filin ya tsufa ya ruɓe, ko da tarayya ko babu. Suna kawo abin da ya faru a watan Yunin 2013, lokacin da bututun najasa ya toshe, ƙazanta ta malalo ɗakunan canja kaya, har 'yan Athletics da baƙinsu na Seattle suka haura suka yi wanka tare a ɗakin Raiders. Dandalin wasan yana ƙasa da matakin teku da kimanin mita shida, saboda haka fitar da ruwa daga cikinsa aiki ne kullum. Amma tsufa ba ya hana gini aiki idan ana kula da shi. Fenway Park na Boston tun 1912 yake, Wrigley Field na Chicago tun 1914, kuma shi Wrigley ya ɗauki besbol da zari-ruga tare kusan shekara 50. Bambancin shi ne a Oakland babu mai sha'awar gyara. A lokacin hukuma tana biyan bashin 1995, ba ta da rarar kuɗi. 'Yan hayar kuma kowace tana neman hujjar tafiya, kuma duk bututun da ya fashe ƙarin hujja ne a gaban masu gasar.

Hujjar da ta fi kowace ƙarfi ita ce abin da ya biyo bayan rabuwar. Raiders ta buga wasanta na ƙarshe a Oakland a ranar 15 ga Disamba 2019. Daga nan Athletics ta zama ita kaɗai, babu mai taka mata ciyawa. Idan tarayya ce cutar, an warke kenan. Amma mai ƙungiyar, John Fisher, ya rabu da fitattun 'yan wasa, ya ƙara kuɗin tikiti, 'yan kallo suka ragu, tattaunawar gina sabon fili a bakin tashar jiragen ruwa ta watse, kuma a Afrilun 2023 aka sanar da cewa an nufi Las Vegas. Majalisar jihar Nevada ta amince da tallafin da zai kai dala miliyan 380. A watan Yunin shekarar magoya baya fiye da dubu 27 suka yi dafifi a filin a rana ɗaya da gangan, sanye da korayen riguna masu kira ga Fisher ya sayar da ƙungiyar, don su nuna ba su ne suka gudu ba. Bai hana komai ba. A ranar 26 ga Satumba 2024 aka buga wasan ƙarshe a gaban mutum 46,889, ma'aikatan fili suna ɗibar ƙasa suna zuba wa mutane a kofuna da robobin ruwa. Sauran biranen da suka raba fili ma ba su sayi amana ba. Atlanta ta ba Braves filin besbol zalla a 1997, bayan kaka 20 ƙungiyar ta bar shi ta koma bayan gari. St. Louis ta gina wa Rams filin zari-ruga a 1995, ƙungiyar ta tafi Los Angeles a 2016. Seattle ta rushe filinta na tarayya a shekarar 2000, amma sai a 2015 aka gama biyan bashinsa.

Abin da ke ba masu ƙungiyoyi wannan ƙarfi shi ne tsarin gasar, kuma a nan ya bambanta da ƙwallon ƙafar Turai da muka fi sani. Gasar besbol ƙungiya 30 ce, ta zari-ruga 32, ba a faɗawa ƙaramin rukuni, ba a hawowa, kuma masu ƙungiyoyin ne ke yanke ko za a ƙara sabuwa. Kullum suna barin wasu manyan birane babu ƙungiya, domin gari marar ƙungiya shi ne bulalar da ake tsoratar da mai ita. AC Milan da Inter sun haɗa San Siro tun 1947, sun yi ta jayayya da hukumar birni a kansa, amma ba wanda ya ɗauka ɗayansu za ta koma Napoli. A Amurka kuwa tafiya abu ne da aka saba, kuma ita kanta Athletics a Philadelphia aka kafa ta a 1901, Oakland gidanta na uku ne. Wanda ya ci ribar zuwanta daga Kansas City bai kamata ya yi mamakin tafiyarta ba, wannan ma dole a faɗa wa mutanen Oakland. Fili na tarayya yana rage kaifin bulalar, domin mai gida yana da ɗan haya na biyu, kuma kuɗin talla da na ajiye motoci da na sunan fili dole a raba su. Shi ya sa masu ƙungiyoyi suka tsane shi fiye da yadda 'yan kallo suka tsane shi. Da Baltimore ta buɗe Camden Yards a 1992, fili mai kyau na besbol zalla da aka gina mafi yawansa da kuɗin jiha, kowane mai ƙungiya ya sami hoton da zai nuna wa magajin garinsa.

Saura hujja ɗaya, wadda 'yan siyasa suka fi so, wato sabon fili yana kawo ayyukan yi da haraji. Masana tattalin arziki sun daɗe da bincikar wannan. Littafin da Roger Noll da Andrew Zimbalist suka shirya a 1997, Sports, Jobs, and Taxes, ya duba birane da dama bai sami inda fili ya mayar da abin da jama'a suka zuba ba, kuma binciken da ya biyo baya bai sauya hukuncin ba. Dalilin a fili yake. Iyalin da ya kashe kuɗi a filin wasa, da ma zai kashe su ne a gidan abinci ko silima a garin, ayyukan kuma yawancinsu na 'yan kwanaki ne masu ƙaramin albashi. Ban ce ƙungiya ba ta da daraja ba. Garin da ya reni ɗan wasan besbol Rickey Henderson ya kuma kalle shi yana kafa tarihin satar tasha a wannan fili a ranar 1 ga Mayu 1991 ya san akwai abin da kuɗi ba ya aunawa. Idan jama'a sun yarda su biya don wannan, su biya da idonsu a buɗe, a gaya musu kyauta ce suke bayarwa, kada a ce musu jari ne.

Ginin yana nan tsaye. A 2025 ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Oakland Roots ta mayar da shi gidanta, an kuma buga gasar kurket a cikinsa, wasan da ke son fili mai faɗi da zagaye, wato siffar da aka yi shekaru ana zagi. Cikinku akwai waɗanda gobe za su zama kwamishinoni, injiniyoyi, 'yan majalisa da 'yan jarida, kuma a ƙasashenmu ma da kuɗin jama'a ake gina filayen wasa. Ranar da aka ajiye zanen sabon fili a gabanku, ina roƙonku ku nemi a rubuta kwana nawa zai yi aiki a shekara, wa zai karɓi kuɗin ƙofa, wa zai biya gyara, kuma wa zai ci gaba da biyan bashi idan mai amfani da shi ya tattara ya tafi. Kada ku sa hannu sai an ba ku amsa a rubuce.